Uwar 'Yan Gayya a Rumbun Maiwada

Maiwada bai taɓa ganin abu sau ɗaya ya kasa zama malaminsa ba. Sau ɗaya ya je Zariya ya ga jirgin ƙasa, amma ya shekara bakwai yana koya wa mutanen ƙauyensu, can gefen Paki, yadda ake tuƙa shi. Ya taɓa riƙe wa mai allurar shanu igiya, tun daga ranar ba saniyar da za ta yi tari bai faɗi sunan cutarta ba. Dogo ne siriri mai dogon wuya, ga murya kamar ta mai shela. Ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Bakinsa ne kawai ke riga shi isa wuri, shi kuma ya zo daga baya ya tarar da ɓarnar da ya yi masa.

'Yan shekaru kafin Turawa su naɗe tutarsu, bayan an gama girbi an kai dawa rumbu, sai ga wani Bature ya zo da mota ya kafa tanti a gindin tsamiyar bayan gari. Ba na haraji ba ne, ba na auduga ba, ba kuma na allura ba. Wannan kashi ya zo nema. Sai ka gan shi da farar hula da dogayen safa, ya tsuguna gaban kashin akuya yana dubansa kamar wanda ya tsinci zobe, ya ɗiba da ɗan cokali ya sa a gwangwani ya rufe. Kafin kwana biyu gari ya raɗa masa suna Ɗan Kandilo. Tare da shi akwai wani Bazazzagi mai sanyin magana, Malam Iliyasu, shi ne tafinta, shi ne kuma mai kula da kayan aiki.

Da aka nemi mai ɗaukar akwati wanda ya san daji, Maiwada ya ce shi a daji aka yanke masa cibi. Sau biyu ya ɓatar da su a kurmi guda, amma da yake akwatin bai faɗi ba, aka bar shi. Ran na uku Malam Iliyasu ya ji tausayin dogon wuyan nan da ke ta leƙe, ya kira shi cikin tanti, ya ajiye wani ɗan faranti na gilashi a ƙarƙashin madubin Bature mai ƙara girman abu, ya ce ya duba.

"Me ka gani?"

"Komai na gani," in ji Maiwada, alhali idon da ya runtse shi ya ɗora a kan madubin.

Malam Iliyasu ya gyara masa ido. Sai ga waɗansu 'yan ɗige-ɗige suna rarrafe, sun jeru layi-layi sun nufi wuri guda kamar masu zuwa kasuwa.

"Waɗannan a cikin ƙasa da kashin dabbobi suke zaune," in ji Malam Iliyasu. "Muddin akwai abinci, kowa harkar gabansa yake yi, ba ruwan wani da wani. Ranar da abinci ya ƙare, sai su kira juna, su taru dubu-dubu, su cure su zama jiki guda, fari, ya riƙa jan ciki. In ya sami wurin da ya yi masa, sai ya miƙe tsaye. Waɗansu su zama kara, su bushe su mutu a nan. Sauran su hau kansu su zama zangarniya, su ne irin gaba. Duka tsayin abin bai kai gashin gira ba."

"To me Bature zai yi da su? Miya?"

"Karatu. So yake ya gane yadda abu iri ɗaya ke raba wa kansa aiki, ba sarki ba wakili. In an gane nasu, ana sa ran a gane yadda ɗa ke haɗuwa a cikin uwarsa, nan ƙashi, nan tsoka. Cikin mace ba ya leƙuwa, amma faranti yana leƙuwa."

"Ashe 'yan gayya ne," in ji Maiwada.

Da aka fassara wa Ɗan Kandilo, ya yi dariya, ya zaro littafi ya rubuta. Wannan rubutu shi ya kashe Maiwada. Maganarsa ta shiga littafin Bature. Nan take ya ji wuyansa ya ƙara tsawo.

"Ni da a cikinsu nake, Malam, ɗan zangarniya ne," ya ce. "Tun ina yaro ba a taɓa taka ni ba."

Washegari Bature ya shirya zai zaga Makarfi da Hunkuyi da Kudan, ya dawo bayan kwana takwas. Malam Iliyasu ya kira Maiwada gefe ya ce masa Bature na neman mutum guda da zai tafi da shi Zariya ya zama mai ɗebo masa ƙasa, ma'aikaci sosai, da rigar kaki mai aljihu biyu. Ya ma nuna masa rigar a ninke. Sa'an nan ya miƙa masa gwangwani goma sha biyu.

"Gwajinka ke nan. Ɗan tsunkule kawai a kowanne, kowanne daga wuri dabam. Kada ka haɗa na nan da na can, kuma ka riƙe a ka inda ka ɗebo kowanne. Ka gane?"

"Malam, ni da na raɗa musu suna?"

Ya tarar da matarsa Azumi tana daka a tsakar gida. Mace ce gajera mai ƙarancin magana, amma in ta yi guda ɗaya sai ta ishi mutum yini.

"Azumi, ki fara sallama da dangi. Zariya za mu."

"To, maigida. A jirgin da kake tuƙawa?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ya zauna a kan turmin da ke kife, ya zazzage mata karatu tun daga ɗigo har zangarniya. Daga nan ya rage murya, abin da bai saba ba.

"Shi Ɗan Kandilo ilimi gare shi, amma ba shi da zuciya. Da ɗan cokali yake ɗiba, shi ya sa nasa suka tsumbure. Ki yi tunani. In ɗan tsunkule ya ba da mai tsayin gashin gira, me cikin rumbu guda zai bayar?"

"Wari," in ji Azumi.

"Uwarsu zai bayar. Ƙatuwa, kamar maraƙi. In sa mata igiya in ja ta har ƙofar tanti. Rigar kaki? Har wando sai ya ƙara mini."

Kafin azahar ya ɗora tsani a jikin rumbu, ya ɗage jinka, ya yi ta jeho damman dawa ƙasa har ya kwashe tas. Ya jibge su a tsakar gida ya yafa musu wani tsohon zana mai ƙofofi fiye da na gari.

"Abincinmu na shekara ne fa," in ji Azumi.

"Dawa ta 'yan kara ce. Mu burodi za mu ci."

Da gonarsa ya fara. A ƙasar nan in an yi girbi, manomi kan roƙi Bafulatani ya sauka da shanunsa a gonarsa su kwana su yi masa taki, shi kuma ya sallame shi da dawa. Wata guda ke nan Bobbo, wani dattijon makiyayi, yana zaune a gonar Maiwada, gona ta yi baƙi ƙirin da albarka. Maiwada ya aro jakin maƙwabcinsa Mamuda magini, wai sawu biyu kawai, ya shiga share gonar nan kamar mai shirin saukar baƙi. Bobbo ya dogara da sanda ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya daɗe yana kallo.

"Kaɗo, lafiya? Mutane na roƙona in kwana a gonarsu, kai kuma kana kwashe abin da na bar maka."

"Aikin gwamnati ne, Bobbo. Ba na mai bin wutsiyar saniya ba ne."

"Gwamnati ta fara karɓar jangali da kashi ne?"

Maiwada ya ga ya sami ɗalibi, sai ya ajiye tsintsiya. Ya zazzage gwangwanayen nan daga buhu yana dariya.

"Ka ga abin da suka ba ni. Wai ɗan tsunkule, kowanne daga wuri dabam, kada a haɗa, a riƙe inda aka ɗebo. Aikin yara. Ɗauke su ka kai wa iyali su sa man shanu, ni kuma ka bar mini kashin da ke cikin garkenka."

Bobbo ya juya gwangwani guda a hannu, ya ga yana ƙyalli, ya ce ya yarda. Tun da yake kiwo bai taɓa yin ciniki mai sauƙin wannan ba.

Sawu biyun nan suka zama goma sha bakwai. A na ƙarshe Maiwada ya cika mangala har ta yi tozo, jaki ya zo daidai inda Lantana ke suyar ƙosai a bakin hanya, ya ga iyakarsa ke nan, ya kwanta. Rabin kaya ya zube a gindin murhu, kaɗan ya yi tsalle cikin kasko. Lantana ta miƙe. Itace mai wuta ta zaro, Maiwada ya ari na kare, jaki kuwa da aka sauke masa nauyi ya tashi ya tafi gida abinsa.

Duk da haka rumbu bai cika ba. Sai ya tuna da jujin da ke bayan gidan Mamuda, tsohon taki mai laima wanda ya shekara yana ruɓewa. Yana cikin kwando na tara mai juji ya fito.

"Na ara maka jaki ka mayar mini da shi yana ɗingishi. Yanzu kuma juji?"

"Aro ne, Mamuda. In na zama ma'aikaci zan tuna da kai."

Mamuda ya bi sawun kwandon har tsakar gida. Da ya ga inda ake juye shi, sai ya kama haɓa.

"Ni na gina rumbun nan da hannuna. Ƙasa ce da ciyawa. Hatsi busasshe aka yi shi don ya riƙe. Kada ka kuskura ruwa ya taɓa cikinsa."

"Kai gini ka sani. Halitta kuwa sai mu."

Ruwa kuwa shi ne abu na gaba, don ya ga Malam Iliyasu ba ya barin farantansa su bushe. Azumi ta ce tulunta na sha ne, ba na ban-ruwan kashi ba. Saboda haka aka wayi gari da ganin Maiwada a bakin rijiya tsakiyar mata, da tulu a ka, yana kai da kawowa.

"Maiwada, wannan jido haka, Azumi ce ta haihu?" in ji Indo matar Mamuda.

"Za a dai haihu. Amma ba ita ba."

Kafin la'asar maganar nan ta zaga gari ta dawo da ƙafafu huɗu. Tsofaffi mata biyu suka zo yi wa Azumi jaje, suka tsaya a zaure, suka shaƙi abin da ke fitowa daga ciki, suka ce a gaishe ta.

Ran na uku ya tuna da babban sharaɗi, wato yunwa. Sai abinci ya ƙare 'yan gayya ke taruwa. Ya kafa doka: ba girki a gidan nan, ba shigo da abinci, ko ƙamshin daddawa kada ya gifta ta gefen rumbu, kada su ji su saki jiki. Azumi ta ce to. Ta ɗauki tukunyarta da muciya ta koma gidan Indo, can take tuƙa tuwonta ta ci ta wanke hannu ta dawo. Da maigida ya tambayi nasa, ta ce ai doka ta hana shigowa da shi. Ya je wurin Lantana, ta dube shi ta dubi itacen murhu, ya wuce kamar dama hanya ce ta biyo da shi.

Waɗanda doka ba ta hau kansu ba su ne awakin unguwa. Sun gano ƙofofin zanan nan tun ranar farko, suka sanar da tumaki, tumaki suka zo da kaji. In Azumi ta kora ta gabas su shigo ta yamma. Shi kuwa mai gidan yana kan tsani ya kafa kunne a bakin rumbu, cikinsa na ƙugi, yana cewa a yi shiru ya ji motsi.

Ran na biyar shiru. Ya ce lalle rumbu ya yi musu faɗi, ba sa jin kiran juna, sai an taimaka musu. Ya aro gangar noma ya tsaya gindin rumbu da hantsi ya dinga narka kiɗan gayya. Mazan gari suka ji, suka dubi juna. Gayya da rani, ba ciyawa ba huɗa? Amma ganga ganga ce, ba a ƙin amsa ta. Mutum kusan ashirin suka saɓo fartanya suka yo gidan Maiwada, suna tsammanin fura da tuwo kamar yadda aka saba. Suka tarar da mai gida shi kaɗai yana yi wa rumbu kiɗa, ƙudaje na rawa.

"Ba ku na kira ba," in ji shi.

Abin da suka faɗa masa a ranar ba ya rubutuwa.

Amma da yamma ya dafa jikin rumbu ya ji zafi rau, ya ɗaga jinka ya ga tururi na tashi. Duk manomi ya san taki in ya jiƙe aka danne shi yakan yi zafi. Maiwada ya ce naƙuda ce. Washegari ya zura hannu har kafaɗa ya laluba, ya ji wani abu mai taushi ya motsa. Ya zaro. Fari ne sol, mai ƙiba kamar babban yatsa, yana lanƙwashewa a tafin hannunsa. Murna ta kama shi, ya sauko tsani bai san ya sauko ba.

"Azumi, zo ki ga ikon Allah. Fari, jiki guda, yana jan ciki. Yadda Malam ya faɗa."

Azumi ta leƙa.

"Gwazarma ce."

Gwazarma ce kuwa, ƙatuwar tsutsar juji da kowane yaro ya sani, wadda shi kansa ya sha tono wa kajin uwarsa. Amma mutumin da ya kwana uku bai ci tuwo ba, ya kuma kwana shida yana mafarkin aljihu biyu, idonsa ba ya ganin abin da ke gabansa.

"Da ni da ke wa ya leƙa madubin Bature?" ya ce. "Wannan autarsu ce. Uwar na ƙasa."

Bai nemi mai shela ba, tun da Allah ya hore masa murya. Da kansa ya zaga gari yana sanar da cewa jibi da hantsi, a gaban Bature da mai unguwa, zai fito da abin da ba a taɓa gani ba tun daga nan har Ingila.

Ranar kuwa gari ya taru, sai dai kowa ya zaɓi ɓangaren da iska ke fitowa. Mai unguwa Ahmadu ya zauna a kan tabarma ya ja rawani ya rufe hanci. Motar Ɗan Kandilo ta iso, aka rako shi da Malam Iliyasu har tsakar gida, Bature ya toshe hanci da hankici, idonsa na hawaye. Maiwada ya fito cikin rigarsa ta salla, riƙe da ƙwarya an rufe da faifai.

"Ina gwangwanayen?" in ji Malam Iliyasu a hankali.

"Mun wuce nan, Malam."

Ya durƙusa gaban Bature ya ce ranka ya daɗe, ya ɗage faifai. Ɗan Kandilo ya sunkuya ya duba, ya dubi Malam Iliyasu. Malam Iliyasu ya dubi ƙasa. Kafin wani ya sami abin cewa, wata kazar Indo mai wake-wake ta kutso ta tsakanin ƙafafun Bature, ta cafke autar 'yan gayya ta yi waje da ita, sauran kaji suka rufa mata baya.

Dariya ta fara daga wajen mata. Maiwada ya miƙe ya ɗaga hannu.

"Ku yi ta dariya. Wannan ɗanɗano ne. Yanzu za ku ga uwar. Masu ƙananan yara su riƙe su."

"Kada ka hau," in ji Mamuda. "Dubi gindinsa, ya jiƙe har waje."

Ya hau. Ya tattare riga ya taka tsani har ƙarshe, ya ɗaga jinka da hannu biyu. Tururi ya bugi fuskarsa, ƙudaje da buzuzu suka tashi kamar hayaƙi. Ya leƙa ya yi kira, shiru. Sai ya ɗora ƙafa a bakin rumbu, ya ɗora ta biyu, ya buga diddige don ya tashe ta.

Rumbun da ya kwana shida yana shan ruwa bai yi gardama ba. Ya yi wata ƙara a hankali, ya karkata, ya durƙusa kamar raƙumi, sa'an nan cikinsa ya fashe. Abin da ke ciki ya kwararo baƙi ƙirin ya malale tsakar gida. Ya cinye tabarmar mai unguwa, ya haye takalman Bature ya kama dogayen safan nan har gwiwa. Tsani ya karye biyu. Gwazarma ɗari-ɗari suka baje, kajin gari suka ga ranar salla.

Da tururi ya lafa, sai ga Maiwada a tsakiyar tsibi, ya nutse har wuya, jinkar rumbu ta sauka daidai kansa kamar malafa. Mai unguwa ya sassauta rawani ya duba dama ya duba hagu.

"To, wacce ce uwar a ciki?"

"Ga ta can da hula," in ji Lantana.

Har Bature sai da ya zauna a kan turmi don dariya.

Ana cikin haka aka ji sallama. Bobbo ne, da ƙwarya a hannu, gwangwanaye goma sha biyu a jere a ciki. Ya gaida mai unguwa, ya gaida Malam Iliyasu, ya tambayi gajiya da iyali da hanya, bai ko dubi tsibin ba.

"Kayan baƙonku na kawo. Iyali sun ce warin magani suke yi, ba za su sa mai a ciki ba. Na ga kuma bai kamata a mayar wa mutum ƙwaryarsa wofi ba. Da yake Kaɗon can ya faɗa mini abin da baƙon yake so, sai na ɗan sa masa. Ban sani ba ko ci yake yi."

Malam Iliyasu ya buɗe na farko. Ɗan tsunkule ne, ba ƙari.

"Wannan na zomo ne, daga gindin ɗorawar bakin rafi," in ji Bobbo. "Wannan na gada, cikin kurmi, inda rana ba ta sauka. Wannan ƙasar ƙarƙashin ganye ce, gabas da fadama. Wannan na jemage, kogon kuka. Mai ƙullin ciyawa biyu na tunkiya ne, mai uku na maraƙin da bai fara kiwo ba."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har sha biyu, Malam Iliyasu na fassarawa, Ɗan Kandilo na rubutu, ya manta da safansa. Da aka gama ya aika mota aka ɗauko rigar kaki. Ya warware ta a gaban jama'a, aljihu biyu da maɓallai suna ƙyalli, ya miƙa wa Bobbo. Malam Iliyasu ya yi masa bayanin aiki da Zariya.

"Zariya?" in ji Bobbo. "Wa zai tsaya mini da shanu? Ka ce masa na gode. In yana so, ya riƙa aiko da gwangwani, ai hanyata ce, ba wani aiki ba ne."

Bature ya ce ko da haka ya riƙe rigar. Bobbo ya shafa ta ya ji kauri.

"Madalla. Ina da ɗan maraƙi mara lafiya, sanyin asuba na damunsa."

Daga cikin tsibi aka ji wata 'yar ƙara kamar ta ɗan akuya. Wannan karon ba wanda ya yi dariya sosai, don kowa ya ga idon Maiwada a kan rigar nan har ta fita zaure a kafaɗar Bobbo.

Da jama'a suka watse, Mamuda ya jawo shi da igiyar jaki, Azumi ta yi ta kwara masa ruwa da tulun da ya saba. Sa'an nan ta je ta ɗage zana. Abin da awaki suka bari ba zai kai su farkon damina ba.

"Rigar ba ta dame ni ba, maigida," ta ce. "Ban taɓa sa ran Zariya ba. Amma dawar nan tare muka yanke ta, bayana har yau ciwo yake."

Maiwada ya dubi ragowar dawar. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ya zauna a jiƙe ya sunkuyar da dogon wuyansa.

Ba wanda ya buga ganga, amma ran Asabar da safe sai ga mazan nan ashirin sun dawo. Wani da kwandon ƙasa, wani da ciyawa, wani ya saɓo damin dawa ya ajiye a zaure ya yi kamar ba shi ya kawo ba. Suka kwashe tsibin suka mayar gona, bayan Mamuda ya ware na jujinsa. Indo da Azumi suka dama fura. Lantana ta aiko da ƙosai, ta ce a ba kowa ban da uwar.

Kwana shida Mamuda na ɗora gini, kullum a bar shi ya sha iska a ƙara. Ran na bakwai rumbu ya wuce tsayin hannunsa, saura baki, ga tsani ya karye. Aka kawo turmi, bai kai ba. Mamuda ya duba cikin jama'a ya ga wanda ya fi kowa tsawo.

"Zo nan. Dafa bango. Sunkuya."

Maiwada ya dafa, ya sunkuya. Mamuda ya taka turmi, ya taka gadon bayansa, ya daidaita ƙafafunsa masu laka a kan kafaɗunsa biyu, aka shiga miƙa masa curin ƙasa. Laka na ɗiga a ƙeyar Maiwada. Can sai ga Bobbo ya biyo ta ƙofar gida da shanu, ɗan maraƙi na biye a baya cikin rigar kaki, aljihu biyu na lilo.

Azumi ta zo da ƙwaryar fura ta tsaya a gefensa.

"Sannu, ɗan zangarniya. Ana hango Zariya daga nan?"

Maiwada ya ja numfashi. Tsohon hali ya motsa.

"Ai Malam Iliyasu da kansa ya ce, in ba don kara ba..."

"Kara ba ya magana," in ji Mamuda daga sama. "Tsaya cik, kada baki ya karkace."

Ya tsaya cik. Azumi ta kai masa ludayi baki, ya sha a sunkuye, bai motsa ba har aka gama bakin rumbu.